Karatun Kimiyyar Kwamfuta a Jami'a: Daga Fom ɗin JAMB Zuwa Aikin Farko

Kimiyyar kwamfuta ba koyon sarrafa kwamfuta ba ce, kuma gara ka san haka tun kafin ka sayi fom. Buga takarda a Word, haɗa katin biki a CorelDraw, cike wa mutane fom a shagon intanet, duk sana'o'i ne masu rufin asiri, amma wata uku a cibiyar koyon kwamfuta ta unguwa sun ishe ka. Abin da ake koyarwa a jami'a daban ne. Za a koya maka yadda ake ɗaukar matsala a warware ta zuwa ƙananan matakai da na'ura za ta iya bi, sannan a tabbatar matakan daidai suke kuma ba sa cin lokaci a banza. Rabin wannan aiki lissafi ne. Wanda ya gudo daga lissafi ya zo nan neman mafaka zai tarar da shi yana jiransa a bakin ƙofa.

Jami'a za ta ba ka tushe da takarda. Iya aiki da hannu kuwa kai za ka nema da kanka, kuma tun daga aji ɗaya. Ina ganin masu fita da digiri mai kyau ba su iya rubuta manhajar da za ta yi aiki ba, ina kuma ganin masu iya kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, da suka wofintar da aji har aka sallame su. Dukansu sun yi asara. Wannan jagora na wanda yake son ya riƙe biyun ne. Ina cewa "kai" don sauƙin magana, amma ƙanwata, da ke ma nake.

Mataki na 1: gyara takardunka na sakandare

Ana neman kiredit biyar a WAEC, NECO ko NABTEB, kuma dole Turanci da Lissafi da Fiziks su kasance a ciki. Sauran biyun daga darussan kimiyya ake so, galibi Kemistiri na daga ciki. Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, wasu kuma sun fi fifita mai zama ɗaya idan gurbi ya yi ƙaranci. In makarantarku tana koyar da darasin ƙarin lissafi, wanda ba dole ba ne, ka ɗauke shi. Waɗanda suka yi shi ba sa shan wahalar lissafin aji ɗaya kamar sauran.

Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a kan NIN, ka tabbatar sun yi daidai da na takardar sakandare harafi da harafi. Ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma ɗan bambancin da ka raina yau zai iya tsayar da kai a ƙofar bautar ƙasa bayan shekara huɗu.

Mataki na 2: san kos ɗin da kake zaɓa

A da, kusan komai a ƙarƙashin suna ɗaya yake. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta fitar da sabon kundin manhajar karatu mai suna CCMAS, inda fannin kwamfuta ya zama tsangaya mai cin gashin kanta da digirori daban-daban: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar bayanai, fasahar bayanai, tsarin bayanai, da fasahar bayanai da sadarwa. NUC ce ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da ita.

Shawarata ga wanda bai gama sanin inda zuciyarsa ta karkata ba ita ce ya ɗauki kimiyyar kwamfutar kanta. Ita ce uwa. Daga cikinta za ka iya juyawa zuwa tsaro, ko bayanai, ko gina manhaja, ba tare da ka koma baya ba. Wanda ya riga ya san gina manhaja yake so, injiniyancin manhaja zai fi kai shi kusa da aikin, domin can an fi ba da ƙarfi ga tsara aiki, gwaji, da aiki cikin tawaga. Sai dai kar ka rikita waɗannan da injiniyancin kwamfuta. Shi a tsangayar injiniya yake, shekara biyar ake yi, ya fi karkata ga lantarki da kayan cikin na'ura, kuma majalisar injiniyoyi ta COREN ce ke yi wa masu shi rajista. Sauran shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta JAMB.

Wajen zaɓen jami'a, Arewa ba ta rasa wurare ba. Akwai Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, Modibbo Adama a Yola, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, jami'o'in tarayya na Dutse da Dutsin-Ma, Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil. Kafin ka yanke shawara ka yi abu biyu. Ka duba ko NUC ta tantance wannan kos ɗin a wannan jami'ar, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kos daban. Sannan ka nemi ɗalibin aji uku na sashen ka tambaye shi: ɗakin kwamfutar yana buɗewa? Sau nawa kuka shiga a samistar da ta wuce? Akwai ƙungiyar ɗalibai masu kodin? Amsarsa ta fi duk wani talla amfani.

'Yan'uwanmu na Nijar tsarinsu daban ne. Da takardar kammala sakandare ta Bak, ta ɓangaren kimiyya, ake shiga, a yi Lisans shekara uku, Masta shekara biyu, a irin su Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Abin da zan faɗa daga mataki na huɗu zuwa ƙasa ya shafe su kamar kowa, sai dai su ƙara da neman Turanci, tunda yawancin bayanan kayan aikin da shi ake rubutawa.

Mataki na 3: JAMB da sauran ƙofofi

Darussa huɗu za ka rubuta: Turanci, Lissafi, Fiziks, da na huɗu wanda galibi Kemistiri ne, ko da yake wasu jami'o'in suna karɓar Bayoloji ko wani darasin. Kar ka bar mai shagon intanet ya zaɓa maka. Ka buɗe kundin JAMB ka ga abin da jami'arka ta ce da kanta, domin haɗin darussan da ba daidai ba yana hana gurbi ko da makinka ya kai. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa na ƙasa baki ɗaya ba shi ne ma'auninka ba. Wannan kos ne da ake rububinsa, saboda haka ka nemi maki mai nisa da shi.

Bayan jarrabawa ka ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, ka yi tantancewar jami'ar, ka riƙa leƙa CAPS, shafin JAMB da ake fitar da gurbi a kai. Gurbin da bai fito a CAPS ba, ba gurbi ba ne, komai girman wanda ya yi maka alkawarinsa.

In bana ba a dace ba, ƙofa ba ɗaya ba ce. Karatun share fagen jami'a na IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko na JUPEB, ko difloma ta ND, ko NCE, duk suna iya kai ka aji biyu kai tsaye. Kwalejin fasaha ma hanya ce mai kyau, sau da yawa ɗalibanta sun fi taɓa na'ura da hannu. Mai aiki ko mai iyali kuma yana da buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN. In kuɗin makaranta ne matsalar, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Mataki na 4: mallaki laftof

Ba a koyon wannan fanni da karatun takarda kaɗai. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai Core i5, da RAM 8GB, da ma'ajiya irin ta SSD za ta kai ka har ƙarshen digiri. In ka je Titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja, tafi da wanda ya san kan abin. A kunna ta a gabanka, a cire caja a ga yadda batirin yake sauka, a gwada kowane maɓalli, a duba fuskar ko akwai tabo. Lafiyar batiri ta fi kyan jiki muhimmanci, saboda yanayin wutarmu. In ba hali a samistar farko, akwai manhajojin waya da ake rubuta Python a kai, ga kuma ɗakin kwamfutar sashe. Ka fara da su, amma ka sa sayen laftof a gaban sayen sabuwar waya.

Mataki na 5: kama makinka tun aji ɗaya

Aji ɗaya yakan ba mutane mamaki. Ka zo da ɗokin kwamfuta, sai a cika ka da lissafi, Fiziks, ƙididdiga da darussan GST na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, kwamfutar kuma ba ta wuce gabatarwa irin COS 101 da darasin warware matsala ba. A nan ne da yawa suke sakin jiki, suna cewa sai an shiga ainihin karatun za su dage.

Bari in nuna maka abin da hakan ke jawowa. A yawancin jami'o'inmu A tana da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F sifiri, kuma ana ninka makin da nauyin kos ɗin, wato yunit ɗinsa. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, na biyu babba daga 3.50, na biyu ƙarami daga 2.40. A ce digirinka yunit 120 ne, ka gama aji ɗaya mai yunit 30 da 2.50. Ka tara maki 75 ke nan. Don ka fita da 3.50 kana buƙatar 420, wato sauran 345 a cikin yunit 90, kusan 3.83 a kowace samista har ka gama, a daidai lokacin da darussan suka fi tsauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce, domin ko A ka ci a komai ba za ka kai 540 ba. Shekara ɗaya ta wasa ta rufe maka ƙofar koyarwa a jami'a da tallafin karatu da dama.

Kar ka raina gwaji da aikin gida, su ne kashi 30 ko 40 na makin kos. Ka nemi tambayoyin shekarun baya. Ka guji kari-oba, wato maimaita kos ɗin da ka faɗi, ko ta halin ƙaƙa, domin lakcarta takan ci karo da ta ajin da kake ciki.

Mataki na 6: koyi kodin da hannunka

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake rabuwa.

A ajujuwa da yawa za a koya maka furogiramin, wato kodin, a allo, ka rubuta jarrabawarsa da biro a takarda. Mutum zai iya cin A a haka bai taɓa ganin manhajarsa ta yi aiki ba. Ba laifin malami ba ne kullum, aji ne ya cika, na'urori kuma ba su isa ba. Abin da ya rage gare ka shi ne duk abin da aka rubuta a allo da rana, ka buga shi a laftof da dare.

Ka ɗauki harshe ɗaya ka zauna a kansa akalla wata shida. Python ya fi sauƙin farawa. In sashenku da Java ko C++ yake koyarwa, bi nasu, ka huta da raba hankali. Cutar da ta fi kama masu farawa ita ce tsalle-tsalle: wannan mako Python, mako mai zuwa JavaScript, an ji wani ya yabi Flutter an koma can. Wata cutar kuma ita ce kallon bidiyon koyarwa ba tare da taɓa maɓalli ba. Kana kallo kana gyaɗa kai, komai ya zama kamar ka gane, ran da aka ba ka farin shafi sai hannu ya tsaya.

Ga irin abin da ba ka koyonsa sai ka buga da kanka. Ka rubuta layi biyu a Python:

kudi = input("Nawa ne mudu? ")
print(kudi * 3)

Ka shigar da 500, kana jiran 1500. Sai na'ura ta fito maka da 500500500. Ba ta lalace ba. Abin da ka shigar ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ba lamba ba, sai ta maimaita shi sau uku. Da ka gyara layin ya zama int(kudi) * 3, sai 1500 ta fito. Wanda ya yi minti ashirin yana kokawa da wannan ba zai ƙara manta bambancin rubutu da lamba ba, kuma wannan shi ne darasin nau'o'in bayanai da aka yi lakca guda a kansa. Saƙon kuskure mai jan rubutu ma haka yake. Kar ka firgita ka rufe. Karanta layukan ƙarshe, sukan faɗi abin da ya faru da lambar layin da ya faru.

Bayan ka iya tubalan kodin na farko, wato sharaɗi (if) da maimaici (loop) da function, fara gina ƙananan abubuwa daga rayuwar da ka sani. Littafin bashin mai kanti, wanda zai nuna wa ake bi da nawa. Lissafin adashi, wa ya zuba, wa ke da kwasa. Manhajar da za ta lissafa maka makinka na samista. Irin waɗannan sun fi kwaikwayon manhajar wani kamfanin Amurka koyar da kai, domin ka san yadda abin yake a zahiri, za ka gane in manhajar ta yi ƙarya.

Tun a aji biyu ka koyi Git, manhajar adana sauye-sauyen kodin, ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kodin a intanet, ka riƙa ɗora duk abin da ka gina, komai ƙanƙantarsa. Ka sa Linux, tsarin gudanar da na'ura irin Windows, a laftof ɗinka ka saba da baƙin allon umarni. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, haka ma freeCodeCamp. Sauke bidiyon da dare lokacin da data ke da araha, ko a intanet ɗin makaranta.

Sai maganar ChatGPT da ire-irensa, waɗanda suka bazu tun ƙarshen 2022. Ba na ce ka guje su ba, ma'aikata ma da su suke aiki yanzu. Amma a shekara biyun farko ka mayar da su malami, ba ɗan aike ba. Ka rubuta naka tukuna, in ya ƙi ka tambaya me ya sa, ka nemi a yi maka bayani. In ka bari suna rubuta maka aikin gida, za ka kai aji huɗu ba ka iya gane kuskure a cikin abin da suka ba ka ba, kuma gane kuskuren nan shi ne abin da ake biyan mutum a kai.

Kar ka yi tafiyar kai kaɗai. Shiga NACOS, ƙungiyar ɗaliban fannin, ka nemi rukunin masu kodin na Google in akwai a makarantarku. Ga ɗalibai mata, musamman inda ba a saba ganinsu a irin waɗannan taruka ba, ku haɗa naku rukunin ko da ku uku ne, kuma a aikin rukuni kar ki yarda a bar miki rubuta rahoto kawai maza su riƙe laftof. In yajin aiki ya zo, kamar na ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, wannan lokacin gina abu ne.

Mataki na 7: darussan da ba a wasa da su

Daga aji biyu zuwa uku za ka haɗu da ƙashin bayan digirin: lissafin rarrabe (discrete mathematics), tsarin ajiye bayanai, algoridim, rumbun bayanai, tsarin gudanar da na'ura, da sadarwar kwamfutoci. Za ka ji wasu suna cewa duk ka'ida ce, ba a amfani da ita a wurin aiki. Kar ka saurare su.

A ce kana da sunaye miliyan ɗaya, kana neman guda. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka iya duba miliyan ɗin duka kafin ka same shi. In kuwa a jere suke bisa haruffa, sai ka buɗe tsakiya, ka ga ko sunan yana sama ko ƙasa, ka watsar da rabi, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Sau 20 kacal za ka yi haka, domin 2 in aka ninka ta da kanta sau 20 ta haura miliyan. Wannan bambancin ne ke sa wani shafin ya buɗe nan take, wani kuma ya durƙushe ranar da jama'a suka yi masa yawa. Shi ne kuma irin abin da manyan kamfanoni ke tambaya a ganawar ɗaukar aiki.

Rumbun bayanai ma haka. Ka tsara wa makaranta manhajar sakamako ka dogara da suna, sai ka tarar yaro ɗaya an rubuta shi Muhammad a aji ɗaya, Muhammed a aji biyu, Moh'd a aji uku, ga kuma wasu yara huɗu masu irin sunansa da na mahaifinsa. A nan za ka gane dalilin da ya sa malami ya nace a kan ba kowane layi lambar da babu mai irinta. Ka koyi SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai, da kyau. Harsuna suna tashe suna faɗuwa, shi yana nan tun shekarun 1970.

Mataki na 8: SIWES

Shirin koyon aiki ne da asusun horar da ma'aikata na ITF ya kafa a 1973. Wasu jami'o'in wata shida suke bayarwa a aji uku, wasu suna raba shi biyu. Ɗalibai da yawa suna neman inda za a sa musu hannu a logbuk, littafin rubuta aikin kullum, su koma gida, ko ofishin da aikinsu bai wuce hoton takarda ba. Wannan babbar asara ce, domin ita ce dama ɗaya da za ka shiga wurin aiki ba a tambaye ka gogewa ba.

Fara nema wata uku kafin lokaci. Kamfanin gina manhaja, mai samar da intanet, sashen kwamfuta na banki ko asibitin koyarwa, cibiyoyin fasaha irin CoLab a Kaduna, ko cibiyar kwamfutar jami'arku. Ƙaramin kamfani mai mutum biyar da za a ba ka aiki na gaske ya fi babban ofishin da za a ajiye ka a kujera. Je da takardar makaranta da adireshin GitHub ɗinka. In an karɓe ka, riga kowa zuwa, tambayi abin da ba ka gane ba, ka cike logbuk kullum da abin da ka yi da gaske. Mutane da yawa a inda suka yi SIWES suka sami aikinsu na farko.

Mataki na 9: firojet ɗin aji huɗu

Kar ka saya. Ban da haramcinsa, ranar kare shi tambaya biyu za ta tona ka. Zaɓi matsala ƙarama da za ka iya gamawa, wadda akwai mai buƙatarta: layin ganin likita a ƙaramin asibiti, lissafin kayan kantin magani, rajistar ɗaliban Islamiyya. In kana sha'awar ƙirƙirarriyar basira, harshenmu fili ne mai faɗi. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma har yanzu na'urori suna tuntuɓe wajen gane maganarmu da rubutunmu. Ƙungiyoyi irin HausaNLP da Masakhane suna wannan aiki a buɗe, Arewa Data Science Academy kuma tana horar da matasa. Ka riƙa kai wa sufabaizanka aiki a kai a kai, kar ka ɓace sai mako biyu kafin ƙarshe.

Mataki na 10: zaɓi hanya

Zuwa ƙarshen aji uku ya kamata ka san inda ka dosa.

Gina manhaja ita ce hanya mafi faɗi. Akwai masu gina fuskar da mutum ke gani, da JavaScript da React. Akwai masu gina cikin da ba a gani, inda lissafi da rumbun bayanai suke, da irin su Django, Laravel ko Node. Akwai masu manhajar waya, da Flutter ko Kotlin. Kamfanonin hada-hadar kuɗi irin Interswitch, Paystack, Flutterwave da Moniepoint, da bankuna, da masu manhajar makarantu irin FlexiSAF, duk irin waɗannan suke ɗauka. A wannan layin abin da ka gina ya fi takardar shaida magana.

Sadarwar kwamfutoci ta dace da mai son aikin da ake taɓawa, jan waya, saita rauta, kula da saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai tana raba wa sauran. A nan takardar shaida tana da nauyi, musamman CCNA ta Cisco. Kamfanonin waya irin MTN da Airtel, da Galaxy Backbone, da kowace babbar ma'aikata suna buƙatar irinsu. Daga nan ake haurawa zuwa kula da sabobin girgije, wato waɗanda ake haya ta intanet, na AWS ko Azure.

Tsaron intanet yana jan hankalin matasa, amma ba a fara shi daga sama. Sai ka san Linux da sadarwa tukuna, sannan takarda irin Security+. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara buɗe ayyuka a wannan ɓangare. A nan dole in yi maka magana ta 'yan'uwantaka. Za ka haɗu da masu nuna maka kuɗin damfarar intanet suna kiransa wayo. Cin dukiyar mutane ne, haram ne, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri a kansa, kuma wannan fanni gaba ɗaya a kan amana yake tafiya. Wanda sunansa ya ɓaci sau ɗaya, ba mai sake damƙa masa sabar kamfani. Ko gwaji za ka yi, kar ka taɓa na'urar da ba a ba ka izini a rubuce ba.

Nazarin bayanai yana son mai ƙididdiga. Excel, SQL, Python da Power BI sun isa farawa. Ƙungiyoyin lafiya da na agaji da ke aiki a Arewa, irin eHealth Africa a Kano, suna tara bayanai masu yawa kuma suna neman mai iya fitar da ma'ana daga ciki, balle wanda ya ji Hausa ya san garuruwan.

Koyarwa da bincike na mai daraja ta ɗaya ne ko ta biyu babba. Ana farawa da mataimakin malami, a yi digiri na biyu da na uku. TETFund tana ɗaukar nauyin malaman makarantun gwamnati, PTDF da NITDA ma suna ba da tallafin karatu. Aikin gwamnati kuma akwai shi a NITDA, NCC, NIMC da sassan kwamfuta na ma'aikatu, can kuma rajista da CPN, majalisar da doka ta kafa a 1993 don ma'aikatan fannin, tana da amfani.

Aiki daga gida ga kamfanin waje gaskiya ne, ana yi, amma ba kasafai yake zama aikin farko ba. Yana buƙatar gogewa, wuta da intanet da ba sa yankewa, da iya rubuta Turanci mai tsabta, tunda yawancin maganar a rubuce ake yinta. Shirye-shirye irin Google Summer of Code da Outreachy hanya ce ta ɗanɗana shi da wuri, kuma ana biya.

Mataki na 11: bautar ƙasa da neman aiki

Kar ka jira NYSC ta jefa ka inda ta ga dama. Kafin ka fita sansani ka nemi kamfani ko ma'aikatar da ke aikin da kake so ta ba ka takardar neman a turo ka. In makaranta aka kai ka, ka koyar tsakani da Allah, da yamma ka ci gaba da gini. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2023, yana ba da horo kyauta, kuma ya dace da wannan shekarar.

Takardar bayaninka kar ta wuce shafi ɗaya. Sa ayyuka uku mafi kyau da ka gina a sama, kowanne da adireshin da za a buɗe a gani, da layi biyu na abin da yake yi da wanda yake amfani da shi. Cire jerin harsuna goma da ka taɓa sau ɗaya, domin duk abin da ka rubuta za a iya tambayarka a kai. Ka gyara shafinka na LinkedIn, ka gaya wa wanda ya kula da kai a SIWES da tsofaffin ɗaliban sashenku cewa kana nema, tunda guraben farawa da yawa ta bakin wani ake jin su.

A ganawa za a iya ba ka ƙaramar matsala a ce ka warware a gabansu. Kar ka yi shiru kana gumi. Maimaita tambayar da bakinka don a tabbatar ka fahimta, faɗi hanyar da ta fara zo maka ko da mai tsawo ce, rubuta ta, sannan ka nemi inda za a rage. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kafin ranar ka yi atisaye da aboki, shi yana tambaya kai kana amsawa da baki, ka kuma warware matsala ɗaya ko biyu kullum a shafukan atisayen kodin irin LeetCode ko HackerRank na tsawon wata biyu. In an yi maka tayin aiki, ko da albashin farko bai kai yadda kake so ba, tambayi ko akwai babba a tawagar da zai riƙa duba kodin ɗinka yana yi maka gyara, ka sa amsar a cikin abin da za ka auna kafin ka sa hannu.